Maigadi Ya Fitar da Sanda

Santa Rita, ta hanyar Ixmiquilpan
Tsakiyar Fabrairu, 1974

Zuwa ga Fidencio, ɗan marigayi Cleto,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Herminia da yara kuna lafiya. Mu nan lafiya lau, in ka cire gwiwata ta hagu da ta juya mini baya tun sanyin Disamba. Ruwan sama bai zo ba, ba kuwa wanda ya sa rai da shi.

Gwaggonka Nicolasa ce, in ka manta rubutuna. Na san ba ni ce ta kusa ba, kakarka da uwata 'ya'yan wa da ƙane ne. Amma ni ubanka ya miƙa wa makullin gidansa kafin ya cika, don haka dole ka ji daga bakina.

Maigadi ya nuna. Babban magey ɗin nan na bakin ƙofarku nake nufi, shukar nan mai kaurin ganye da ƙaya, wanda ubanka ya raɗa wa suna yake gaishe shi kowace safiya kamar maƙwabci. Ganyen ƙasa sun kwanta, na tsakiya sun sirance sun matse juna, ƙayar kai ta yi baƙi ƙirin. Ka san ma'anar wannan, in hayaƙin Monterrey bai cinye maka kai ba. In ba a fiɗiye shi an ciro zuciyar yanzu ba, zai fitar da sanda, duk zaƙin da ya tara shekara goma sha huɗu ya tafi sama ya zama fure, mu mu tsaya a ƙasa muna kallo. In an fiɗiye shi kuwa, sai ya huta wata shida, a buɗe shi a Oktoba, a fara kankarar ramin ana zuƙo ruwansa mai zaƙi, ruwan zuma, da zunguru safe da yamma. Pulke, giyar da za a yi da ruwan, zai nuna daidai Nuwamba, lokacin cikar shekarar rasuwar ubanka da taron ɗaga gicciyensa don sallamarsa.

Kana tsaye a ɗakin, a zuwanka na ƙarshe kafin rasuwarsa, lokacin da ya ce, "Da ruwan Maigadi za a sallame ni, ban yarda da na saye ba." Sauran manyan duk an shanye su lokacin jinyarsa. 'Yan ƙananan da ke jere a kan iyaka kuwa ko gwiwata ba su wuce ba, sai nan da shekaru.

Saboda haka ka zo ka sa wuƙa da hannunka, kamar yadda ya kamata ɗa ya yi. In ba za ka samu zuwa ba, ka ba Eusebio mijin 'yata izini. Hannunsa ba ya rawa, bai taɓa ɓata zuciyar magey ba.

Nawa guda ɗayan da ke bayan ɗaki yana nan yana ƙiba. Ɗan Maigadi ne, ubanka ya ciro mini daga gindinsa shekarar da mijina ya rasu. Mutanen unguwa sun sa masa Ɗan-rakiya, tunda kowa ya san na ajiye shi ne don ranar da za a ɗaga nawa gicciyen. Saura masa shekara biyu, na kuwa gaya wa Allah kada ya kira ni kafin nan.

Ka ba da amsa da wuri. Duk Litinin ina leƙa gidan waya in na sauka kasuwa.

Gwaggonka,
Nicolasa

*

Monterrey
Farkon Maris

Gwaggo Nicolasa,

Na gaishe ki da kyau, ya jiki, ya gwiwa? Herminia na gaishe ki, ta ce ki dafa ganyen magey ki ɗaura da zafinsa, kamar ba ke kika koya mata ba. Yara lafiya, ƙaramin ya fara haƙori.

Na ga takardarki, na gode da kula da gida. Amma Gwaggo, maganar Eusebio a bar ta. Ba na zargin kowa, sai dai ni ma a Santa Rita aka haife ni. Na san yadda uban Eusebio ya samu filin bakin kwari. Matar marigayi Tiburcio ya taimaka wa, ya fiɗiye mata magey, ya kankare mata shekara ɗaya, shekara biyu, kafin a ankara duk gari na cewa jeren nasa ne. Gonar Eusebio kuwa ita ke jingine da iyakarmu. Yau ya sa wuƙa a Maigadi, gobe yana shiga tsakar gidan babana safe da yamma da zungurunsa a kafaɗa, ni ina nan ina narka ƙarfe. Ranar da zan dawo, baƙo zan zama a ƙofarmu.

Kada kowa ya taɓa Maigadi. Wuƙar babana tana rataye a bayan ƙofa, ta zauna a nan har in zo. Na yi wa shugaban sashenmu magana, ina sa ran samun hutu a makon Ista. Abin da ya jira shekara goma sha huɗu ba zai gaza jiran wata ɗaya ba.

Kuma Gwaggo, in gaya miki gaskiya, na ji zafin maganar hayaƙi. Ba yawon shaƙatawa na zo nan ba. Wanda bai tsaya gaban tanderun nan awa goma ba, bai kamata ya yi mini ba'a ba.

Ki gaida 'yarki da yaranta.

Ɗanki,
Fidencio

*

Santa Rita
Tsakiyar Maris

Fidencio,

Muna lafiya. Gwiwa ta yi sauƙi, yanzu zuciya ce ke ciwo, kai ne kuma sanadi.

Idona ba ya ganin ƙananan rubutu da yamma, sai na miƙa wa Eusebio takardarka ya karanta mini, ban san abin da ka cusa a ciki ba. Yana zaune a kan turmi yana karantawa da ƙarfi, har ya iso kan ubansa da filin bakin kwari. Ya tsaya. Ya naɗe takardar ya ɗora mini a cinya.

Ya ce, "Inna, ɗan naki ya ce ni ɓarawo ne, ɗan ɓarawo."

Na ce, "Bai ce haka ba."

Ya ce, "Ai ya fi haka iya magana, ɗan birni ne. Ki ce masa ya kwantar da hankali, ko magey ɗin nan zai tashi da ƙafarsa ya zo ƙofata ya durƙusa, ba zan dube shi ba."

Ya tashi ya bar gurasar masarar da na gasa masa, ko ɓalla bai yi ba. Mutumin nan shi ya goyi ubanka a bayansa har bakin titi ranar da aka kai shi asibiti. Shi ya haƙa kabarin, a ƙasar da ka san sai da gatari take buɗuwa. Kai ka iso bayan an gama, da takalmi mai sheƙi, ka kwana biyu ka juya.

Wai ba zai gaza jiran wata ɗaya ba. Maigadi fadan coci ne da zai san ranar Ista? Wa ya taɓa ba magey kalanda? Jiya na sa hannu a tsakiyarsa, ya yi tauri, ya kumbura. Ko makaho ya shafa ya san abin da ke tafe. Kai da ka bar gida kana ɗan shekara sha shida, kana koya wa wadda ta fara zuƙar ruwan zuma tun ba ta kai tsawon zungurun ba.

To na ji. Gidan ubanka ne, magey ɗin ubanka ne. Babu mai taɓawa. Wuƙa tana bayan ƙofa, har gizo-gizo ya fara yi mata riga. Zan share tsakar gida, in ba kaji ruwa, in wuce Maigadi in kau da kai.

Ba ni da sauran abin faɗa maka. Ƙafata ma ba za ta sake taka gidan waya ba sai raina ya huce, ban kuma san ranar ba.

Nicolasa

*

Monterrey
Ƙarshen Maris

Gwaggo,

Ina gaisuwa, da fatan kin huce. Mu lafiya.

An hana ni hutu. Shugaban sashenmu ya ce tanderu ba ya zuwa coci, wanda ya tafi Ista kada ya dawo, akwai mutum ashirin a bakin ƙofa suna jiran gurbinsa. Na haɗiye abin da ya zo mini baki saboda yara uku.

Herminia ta karanta amsarki ta yi mini tatas. Ban yi nufin Eusebio ya ji ba, ke na rubuta wa. Duk da haka ki ba shi haƙuri.

A fiɗiye Maigadi. Eusebio ya yi, amma da wuƙar babana, ke kuma kina tsaye, a kira dattawa biyu su ga cewa da izinina aka yi. Kada a ƙara ko kwana ɗaya, ranar da takardar nan ta shiga hannunki a yi.

Fidencio

*

Santa Rita
Bayan Ista

Fidencio,

Lafiya muke, in ana kiran wannan lafiya.

Takardarka ta izini ta yi Litinin uku a gidan waya. Na gaya maka ba zan je ba, ban kuwa je ba. Sai da ma'aikacin ya gan ni a rumfar barkono ya kira ni, "Doña Nicolasa, takardarki za ta yi saiwa a wurinmu." Na buɗe ta nan tsakiyar kasuwa, na zauna a kan buhun wani ban ko nemi izini ba.

Maigadi ya riga ya fitar da sanda. Ranar Laraba ta makon Ista na fito da tsintsiya na ga kanta ya leƙo daga tsakiya, kore, mai kaurin cinyar namiji. Na tsaya na zage shi, na zage ka, na zagi kaina. Ranar da na karɓi takardarka ta kai kafaɗar Eusebio. Yau ta wuce saman ƙofa. Kullum sai ta ƙara taƙi guda, kamar da gayya.

Kada ka ce a sare sandar. An sha gwadawa, ruwan da zai fito ko kare ba zai lasa ba. Zaƙin ya tafi.

Ka san abin da sanda a ƙofar gida take cewa a garin nan. A daji ake ganinta, ko a kangon da masu shi suka ƙare. Daga bakin rijiya ana hango taku. Shekaranjiya na je ɗiban ruwa, matar mai niƙa ta ɗaga kai ta ce, "Kai, Nicolasa, gidan Cleto ya kafa tuta. Bikin me ake yi?"

Na ce, "Bikin masu dogon baki, ke ce uwar biki."

Mata suka kwashe da dariya, amma da na juya na ji wata tana cewa, "Allah sarki Cleto, ashe bai bar kowa ba." Tulun nan da ƙyar na kai shi gida.

Ina da laifi, ba sai ka rubuto ka gaya mini ba. Da na sauka Litinin ta farko da an tsira. Amma wa ya ɗaure mini hannu tun Fabrairu? Wa ya ga ɓarawo a inda babu? Wata guda cur muna da wuƙa, muna da mai hannu, muna da lokaci. Abu ɗaya muka rasa, kalma ɗaya daga bakinka, ka tsaya kana auna iyakar gonar da ko akuya ba ta ƙoshi a cikinta.

Ubanka abu ɗaya tak ya roƙa. Bai ce a yi masa kabarin siminti ba, bai ce a kawo masu busa ba. Ƙwarya ɗaya ya nema daga abin da ya shuka da hannunsa, mu biyu muka taru muka hana shi.

Na isar wa Eusebio haƙurinka. Ya ce ya ji.

Nicolasa

*

Monterrey
Tsakiyar Mayu

Gwaggo Nicolasa,

Gaisuwa. Muna nan.

Tun da takardarki ta zo ban yi barcin kirki ba. Na yi kuka a bayan ma'aikata inda babu mai gani. Na ɗauki alƙalami zan ce mu yafi juna, sai ga Melitón mai motar kaya ya kawo lodi daga Ixmiquilpan, muka haɗu a tasha.

Ya ce, "Fidencio, gwaggonka dai ba ta zauna ba. Da asuba na wuce na gan ta ita da surukinta, yana goge wuƙar Cleto a wando, ita tana rungume da farar zuciyar magey a zane kamar jariri."

Na ce, "Ka tabbata wuƙar babana ce?"

Ya ce, "Mai ƙotar ƙaho? Ko a cikin duhu na san ta."

To Gwaggo, zuciyar wane magey ce? Maigadi kin ce ya tafi. Ke nan kun faɗa wa ƙananan kan iyaka, waɗanda ke da bakinki kika ce ba su kai ba. Abin da na ji tsoro tun farko shi ne ya faru. An bar babban ya lalace don gari ya yi da ni, ana kuka da ido ɗaya, ana yanka da ɗaya hannun. Litinin uku. Wa ke fushin Litinin uku da takarda in ba da wata manufa ba?

Ke kika fara cewa ba ke ce ta kusa ba. Na yarda. Ki kai makullin gidan wurin fada ya ajiye, wuƙar kuma a mayar da ita inda aka ɗauko ta. Na cikar shekara zan aiko da abin da za a sayi pulke a kasuwa, a haɗa da akwatin giyar kwalba, a sallami mutane. Babana ya san ban da iko, zai yafe mini.

Fidencio

*

Santa Rita
Farkon Yuni

Fidencio,

Ba zan tambayi lafiyarka ba, mai ƙarfin rubuta irin wannan takarda lafiyarsa ƙalau. Herminia da yara nake gaisarwa.

Wannan karon ni na karanta da kaina, a rana, sau biyu, don kada in zalunce ka. Sannan na ɗauki sandata na bi iyakar ubanka daga farko har ƙarshe da gurguwar gwiwata. Ƙananan suna nan cif, kowanne da zuciyarsa a cikinsa. Ka aiko Melitón ya duba, tunda shi ne idonka yanzu. Mutumin da ya taɓa sauke buhunan wake a garin da ba shi aka aike shi ba.

Ya ga wuƙar Cleto, gaskiya ne. Ka ba da izinin a yi aiki da ita, an yi, an wanke ta, an shafa mata kitse, tana bayan ƙofa. Abin da aka yanka nawa ne, ba sai na nemi izinin wani ɗan Monterrey ba.

Makulli kuwa ba zan kai wa fada ba. Ba fada ne ya miƙa mini ba, ba kuma kai ba ne. Mai shi ya sa mini a tafin hannu ya rufe yatsuna a kai. In kana so ka zo ka buɗe yatsun da kanka.

Giyar kwalba. Na karanta wurin nan na ajiye takardar na fita waje na sha iska. Ubanka da ya ce abin nan fitsarin jaki ne da aka sa wa hula, shi za ka sallama da ita? Pulken kasuwa kuma da ake tsinka shi da ruwa, wanda ba a san ko gindin wa ya fito ba? Kada ka aiko da komai. In ka aiko, zan mayar maka ta hannun Melitón, ya ɓatar a hanya.

Sandar ta ninka rufin gida. Ta yi rassa, ta yi fure rawaya, da magariba jemagu suna zuwa sha. Na sa Eusebio ya kafa tsani ya karyo rassan ƙasa kafin furen ya buɗe. Na tafasa, na zubar da ruwan ɗaci, na soya da ƙwai da albasa da barkono, na aika kowane gida a unguwa, har da matar mai niƙa. Na ce a ce musu daga gidan Cleto ne, bai taɓa barin abinsa ya lalace ba, ba kuwa zai fara yanzu ba. Ni ma na ci. Ya yi daɗi, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

In sandar ta bushe za ta maye gurbin azarar ɗakin girkin da gara ta cinye. Ganyen zan ajiye na rufe naman rami ranar taro, sauran in fiffige in murza igiya. Maigadi zai yi duk aikinsa, ban da guda ɗayan da aka roƙe shi.

Kada ka sake rubuto mini sai ka koyi magana.

Nicolasa

*

Monterrey
Ƙarshen Satumba

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ya gwiwa, ya damina? An ce kun samu ruwa sau biyu. Mu lafiya, ƙaramin ya fara tafiya.

Kusan wata huɗu ina ɗauke da fushinki. Na rantse ba zan rubuto ba. Ranar Lahadi Herminia tana gyara akwati ta ga takardunki, ta zauna ta karanta su tun daga ta farko. Ta ɗago ta ce, "Fidencio, magey nawa Gwaggo take da su?"

Na ce, "Ɗaya."

Ta ce, "Ta ce abin da aka yanka nata ne."

Na tashi na fita, na yi ta tafiya har bakin dogo.

Gwaggo, wa ya sa ki? Ɗan-rakiya saura masa shekara biyu, ke kika faɗa. Kin fiɗiye shi ɗanye, rabin ruwansa ma ba zai bayar ba, in ya ƙafe kuma shi ke nan. Ba ki da ɗa namiji, ba ki da wani a bayan ɗaki. Ranar taki da me za a sallame ki? Kin bar ni na kira ki ɓarauniya, kin bar ni na nemi makulli, kina da amsa a baki kika ƙi faɗa. Wannan ma mugunta ce, Gwaggo. Ina jin kunya, ina kuma jin haushinki, ban san wanda ya fi yawa ba.

Zan zo Nuwamba. Ban nemi hutu ba wannan karon, gaya wa shugaban sashenmu na yi. In na dawo na tarar da wani a gurbina, akwai wasu tanderun a garin.

Ki ce wa Eusebio ina da magana da shi, ba ta takarda ba.

Ɗanki,
Fidencio

*

Santa Rita
Ƙarshen Oktoba

Fidencio,

Muna lafiya. Ki gaida mini Herminia zan ce, sai na tuna kai nake rubuta wa. Ka gaishe ta, gidanku dai ita ce mai karatu.

Wa ya sa ni, ka ce. Babu wanda ya sa ni. Washegarin ranar da na dawo da takardarka daga kasuwa na tsaya tsakanin gidajen biyu, ga uban yana tafiya sama, ga ɗan a bayan ɗakina. Daga gindin Maigadi aka ciro shi, hannun Cleto ne ya dasa. Ruwan ɗaya ne. Eusebio ya ce, "Inna, ki sake tunani, wannan na tafiyarki ne." Na ce masa Cleto ya riga ni kama hanya, shi ya fi buƙata. Ban faɗa maka ba don ba ka tambaya ba, hukunci ka yanke. Ban kuma huce ba har yanzu, kada ka shigo kana wangale baki.

Mun buɗe shi makon jiya. Ramin ƙarami ne, ruwan ba yawa, zunguru ɗaya da safe, rabi da yamma. Amma zaƙinsa har maƙogwaro. Ni nake kankara da kaina, na hana Eusebio, don kada wani ya ce ya ci mini iyaka. Na zuba a tulun ubanka, ya fara kumfa. Ba zai ishi gari ba. Zai ishi ƙwaryar da za ka zuba a gindin gicciye, da ta dattawa, da taka. Sauran jama'a maƙwabta sun ce kowa zai kawo tulu daga nasa, matar mai niƙa ce ma ta fara faɗa.

Tunkiya tana nan, rami Eusebio ya haƙa. Ka zo da tsofaffin kaya, ka bar takalmin nan mai sheƙi a Monterrey. Maigadi ya bushe, amma ya bar 'ya'ya a gindinsa, sun kai ciro. Ba zan sunkuya maka ba. Kai za ka ciro su, ka shanya su su sha iska, ka cike gurbin iyakarka, ka mayar da ɗaya bakin ƙofa.

Mafi ƙarfin ka kawo bayan ɗakina, inda Ɗan-rakiya yake. Zai ɗauki shekara goma sha biyu ko fiye, ni kuwa na san shekaruna da gwiwata. In na riga shi, ku ɗaga gicciyena da abin da ya samu, ba zan yi fushi ba. Amma ranar da ya nuna ka zo da wuƙar ubanka, bayan wata shida ka kai mini ƙwarya ɗaya inda nake kwance.

Ganyen ƙasa za su kwanta, na tsakiya su sirance, ƙayar kai ta yi baƙi. Ka riƙe wannan a kanka, Fidencio, don ranar babu mai rubuto maka.

Gwaggonka,
Nicolasa